Zoben da Tsamiya ta Haɗiye

Aikina yankan itace ne da inji, irin mai shan fetur ɗin nan da ke cika unguwa da ƙara, kuma wallahi na ji daɗin sana'ata. Na kayar da itatuwa daga Illela har Gidan Katta, amma wanda ya fi zama mini a rai na gidanmu ne, tsamiyar da ke bakin ɗakin kakata.

Tsamiyar ta bushe, ta karkata ta sunkuyo kan ɗakin tsohuwa, ga damina ta matso. Baffannina suka ce a mayar da tsohuwa cikin gida, in iska ta kayar da itacen ya rushe ɗakin, shi ke nan. Ita kuwa ta ce ko da igiya ba mai fitar da ita. Kakanmu ne ya gina mata ɗakin da hannunsa, a ciki ta haifi ubana, a ciki kuma take son ta cika.

Na je na tsuguna a bakin ƙofarta. Wasan jika da kaka muke yi, miji take ce mini.

"To, amarya, in na kayar da itacen nan ban taɓa ɗakinki ba, mi za ki ba ni?"

"Miji mai warin fetur? Ɗumame dai, shi ma na jiya. In ko ka rushe min ɗaki, ka nemi wata matar."

Ni kuwa ina da al'ada, ba na sa inji a itacen cikin gari sai na tambayi tsofaffi. Na daji ba ruwansa, amma na gari ya sha ƙusa a hannun mahauta da masu rumfa. In sarƙar inji ta ci karo da ƙarfe, harbi yake yi kamar jaki, ya yo kan fuskar mai riƙe da shi. Shi ya sa na ce mata, "Kaka, an taɓa kafa wani abu a jikin tsamiyar nan?"

Ta ce, "Akwai zobe ciki. Sa'ad da Turawa sunka zo sunka raba mu da Kwanni, nan wurin bakin hanya ne, babu gida ko ɗaya. A gindin wagga tsamiya aka tsai da fatake a duba kayansu. Sai anka kafa zoben ƙarfe na ɗaure jakkai. Ina 'yar ƙarama ina kai ma ubana ruwa, zoben daidai goshina yake." Ta yi murmushi. "Da na girma, kakanka kullum nan yake ɗaure jakinshi, ko babu kayan da za a duba."

Maƙwabta da suka taru suka ce ai zoben ya daɗe da hawa sama tare da itacen, in yanka abina hankali kwance. Haba! Ƙarfe ba ya hawa, inda aka kafa shi nan yake zama, itacen ne ke yin ƙiba ya haɗiye shi. Ga shi kuma ƙasar gidan ta taso da shekaru, har sai ka sauka kafin ka shiga ɗakin Kaka. Goshin yarinya na wancan zamani ya dawo daidai gwiwata, inda na saba kai bakin inji. Na zagaya gindin ina shafawa, na sami wani ƙullutu mai baƙin zirin tsatsa. Na sa gatari na ɓare ɓawon a hankali, sai ji na yi ƙwal! Zoben na nan inda aka kafa shi.

Washegari da hantsi na roƙi tsohuwa ta fito na yini ɗaya tak, aka shimfiɗa mata tabarma can nesa a zauren maƙwabci. Ta ce sai na yi wa mazauna tsamiya sallama tukuna. Na yi, na ƙara da bisimilla. Rassan da ke kan rufin, da zarton hannu muka yanke su, muka sauke da igiya, don ba na ɗaga inji sama da kafaɗata ko wa zai roƙe ni.

Na tuɓe babbar riga na sa mai kama jiki, da takalmi mai kauri, da tabarau, na toshe kunne da auduga. Na wasa sarƙa, na ɗaure ta daidai. Na sa mata suka kashe murhu kafin in zuba fetur, sannan na matsa daga wurin da na zuba. Ina shirin jan igiya in tayar, sai ga wani ɗan canji maƙwabcinmu a kaina, rigarsa na jan ƙasa, wai zai nuna mini inda zan yanka. Raina ya ɓaci.

"Alhaji, don girman Allah koma baya! Injin nan in ya kama hannun riga, da mai rigar yake tafiya. Ku ma duk ku ja, mi kuke kallo, biki ake yi?"

Aka watse ana dariya, ana cewa yau ɗan inji ya tashi da faɗa.

Mun riga mun ɗaura igiya mai tsawo a saman itacen, ƙarti suka riƙe ta can inda tsamiyar ba za ta kai ba. Na share hanyar gudu a bayana. Na kafa ƙafa, na riƙe inji da hannu biyu, na yanka mata baki ta gefen filin da nake son ta faɗi, sama da zoben sosai, kusan ƙuguna. Na zagayo na shiga ta baya, na bar tsakiya ban cinye ba don ta riƙe itacen kada ya juya, na kuma cusa guntayen katako masu tsini a cikin yankan.

Nan tsamiya ta yi wata ƙara, ta ɗan koma wajen ɗakin. Na kashe inji na ajiye, na ɗauki guduma na dinga buga katakon nan, ina ihu, "Ku ja! Ku ja mana!" Ta tsaya cak kamar mai shawara, sannan ta tafi a hankali, na ruga gefe, ta zube tim a fili. Da ƙura ta lafa, ga ɗaki tsaye, ko indararo bai motsa ba. Mata suka rangaɗa guɗa.

Kututturen na bar shi. Na sa gizago na sassaƙe har rabin zoben ya fito, baƙi ƙirin. Aka riƙo hannun Kaka, don idonta ya yi rauni, ta sunkuya ta lalubo shi, ta zura yatsu ciki. Can ta ce, "Ashe kana nan." Ba da ni take ba, na sani, sai na kau da kai ina goge injina.

Ɗumamen kuwa na ci shi, har da man shanu. Tun daga ranar a zoben nan take ɗaure akuyarta. Damuna da yawa sun zo sun wuce, iska ta yi abin da za ta yi, tsohuwa na barcinta lafiya. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, a ɗakin muka same ta, bisa gadonta, ƙofa a buɗe wajen kututturen.