Buhun Yashin Maharazu

Shekara shida muna ɗaki ɗaya da Maharazu a unguwar Al Warsan ta Dubai, shi a gadon ƙasa, ni a na sama, domin ya ce gwiwarsa ta gama hawa tsani. Mutumin Damagaram ne, ɗan maƙera jikan maƙera. Ni kuwa Ɗalhatu, a Ƙofar Ruwa ta Kano na koyi kanikanci, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai "Bakano". Garejinmu ɗaya a Ras Al Khor: ni ina kwance inji, shi yana buga ƙarfen motocin da suka yi karo. Ya haura hamsin, ga ƙiba, ga rashin son magana. In muka taso aiki sai ya zauna bakin gado ya tsoma ƙafa a bokitin ruwa, ya ce da guntun Faransancinsa, "Bon, yau ma ta wuce."

A 2017 Injiniya Sanda ya kawo motarsa gyara. Mutumin Gombe ne, yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Ya tsaya yana kallon yadda Maharazu ke lanƙwasa ƙarfe, can ya ce, "Malam, ka iya aikin alminiyam?" Ashe bawan Allah jirgin sama yake haɗawa da hannunsa. Ya sayo shi gunduwa-gunduwa cikin akwatuna, mai kujera biyu, ya ajiye a wata rumfa a ƙaramin filin jirage da ke bayan gari cikin yashi. Ni dai dariya na yi, na ce masu albashi ba sa rasa abin ɓata lokaci. Maharazu bai yi dariya ba.

Daga nan kowace Juma'a, ranar hutunmu guda, da an sauko daga masallaci sai rumfa. Ni ina bin su ne saboda shinkafar da matar Injiniya ke aikowa, ba zan ɓoye ba.

Injin jirgin nan ba shi da lagireto, ba ruwa. Iska ce kaɗai ke sanyaya shi. Tana shiga ta hanci biyu a bayan farfela, sai wasu katangu na alminiyam da aka kewaye injin da su su tare ta, su tilasta mata ta bi ta jikin silinda huɗu ta fita ta ƙasa. Katangun da suka zo cikin akwati an yi su ne don ƙasar sanyi. A zafin Dubai kuwa, silinda ta uku, wadda ke can baya, sai ta riƙa ɗaukar zafi har allurar agogo ta taɓa ja. Gyaran katangun nan shi ne aikin Maharazu.

Ranar da ya fara, Injiniya ya dafa kujerar dama ya ce, "Malam Maharazu, wannan taka ce. Ba wanda zai riga ka zama a kanta." Sai dai dokar wurin ta ce jirgin da mutum ya haɗa da kansa sai ya yi awa arba'in a sama da matuƙi shi kaɗai kafin a ɗauki wani. Don a gwada nauyi, buhun yashi ake ɗaurewa a kujerar. Maharazu ya hau sikeli, kilo casa'in da biyu. Shi da kansa ya cika buhun, ya ɗinke bakinsa da tsinke da zare, ya rubuta sunansa a jiki. Na ce, "To, ga ɗan'uwanka, har ya fi ka fara'a." Ya ce, "Bakano, ci shinkafarka."

Sau ɗaya ya taɓa gaya mini dalili. Ya ce shi duk abin da ya ƙera a duniya, daga garma har ƙofar mota, a ƙasa yake tafiya. Yana so ya zauna cikin abin da hannunsa ya taɓa, ya leƙo ya ga ƙasa ta yi nisa. Shi ke nan. Jirgin da ya kawo shi Dubai ma a kujerar tsakiya aka sa shi, bai ga komai ba sai ƙeyar wani.

Aikinsa na da cin rai, wallahi. Sai ya yanka kwali ya gwada, ya sake yankawa, kafin ya taɓa alminiyam. Ya rufe injin, ya kunna turaren wuta a gaban hancin, ya sa fanka ta tura hayaƙin ciki, sannan ya durƙusa yana neman inda hayaƙi ke tsiyaya. In ya ga ko da zare ne na hayaƙi, sai ya liƙe wurin da roba. Na ce, "Haba Maƙeri, inji na kukan zafi kana ƙara toshe shi?" Ya ce, "Ka taɓa zuga wuta? In zugazugi ya huje a gefe, iska na fita, amma ba ta kai wa gawayi. Iska raguwa ce, Bakano. Hanya mai sauƙi take bi. Sai ka hana ta kowace hanya, ka bar mata guda." Na ji shi, amma ban yarda ba.

Farkon 2019 jirgin ya tashi. Zafin ya ragu, amma bai sauka yadda ake so ba. Ana cikin haka Maharazu ya tafi gida hutun wata biyu, rabonsa da iyalinsa shekara uku. Injiniya ya ƙosa, yana so ya tara awoyi kafin tsananin zafi ya shigo. Ni kuma bakina bai iya shiru ba.

Mu a Ƙofar Ruwa in mota na zafi mun san maganinta: a cire abin da ke tare ruwa a bututun lagireto, a ɗan ɗaga bonet, in ta kama a huda bamba iska ta wadata. Haka muka taso, kuma motoci na tafiya. Na ce, "Injiniya, inji numfashi yake so. Bari in buɗe masa taga." Ya dubi injin. Mutum ne mai digiri biyu, amma shi ma a hannun kanikawanmu ya girma. Ya ce, "Yalla, gwada." Na ɗauki injin huda na yi ramuka shida a katangar baya, daidai bayan silinda ta uku, kowanne kamar bakin kofin shayi. Har na ja baya ina yaba wa kaina.

Minti goma sha biyu Injiniya ya yi a sama. Iska ta samu ramukana ta bi ta fice abinta, ba ta ko gaisa da silindar ba. Allah ya kiyaye ya sauko lafiya, buhun na ɗaure a gefensa, amma kan silindar ya tsage.

Da Maharazu ya dawo, ya tsaya gaban katangar ya daɗe. Ya zura yatsa cikin ramukan ɗaya bayan ɗaya. Na shirya wa zagi, na so ma ya zage ni in samu sauƙi. Sai kawai ya ce, "Ramukan sun yi kyau, Bakano. Hannunka bai karkace ba." Ya je ya ɗauko kwali. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Sabuwar silinda ta ci wata biyar kafin ta iso. Maharazu ya sake katangun tun daga farko. A lokacin ya fara gajiya sosai: almakashin ƙarfe na kuɓuce masa, yana yawan shan ruwa, yana zama a kan buhunsa ya huta. Likita ya ce ciwon suga ne. Duk da haka Maharazu ya ƙara wani ɗan lanƙwasa a bayan silinda ta uku, faɗinsa bai fi yatsa biyu ba, don iska ta zagaya ta ƙarƙashi. A watan Disamba Injiniya ya sauko yana ihu tun bai kashe inji ba: "Khalas, shi ke nan! Duk huɗun sun daidaita!" Maharazu ya ce, "Alhamdulillahi. Saura awa nawa?" Kowace Juma'a tambayarsa ke nan. Yana tsaye da hannu a goshi, yana kallon buhunsa na yawo a sama.

Saura awa tara korona ta shigo. Aka rufe filin, aka rufe gareji. Da aka buɗe, maigidanmu ya rage ma'aikata, ya fara da tsofaffi. Bizar Maharazu a hannun gareji take, ta tafi tare da aikin. Injiniya ya yi ta buga waya yana nema masa wani wurin, amma wa zai ɗauki maƙeri mai shekara hamsin da biyar a wannan shekarar? A watan Oktoba na raka shi filin jirgi da akwati ɗaya da gudumarsa a naɗe cikin zane. Na duba tikitinsa. Kujerar tsakiya ce.

Na sha lissafawa a gadon sama: da ba don wata biyar ɗin da ramukana suka ci ba, da awa arba'in ta cika tun kafin annoba. Ba sai wani ya gaya mini ba.

A watan Maris na 2021 awoyin suka cika. Injiniya ya ce, "Ɗalhatu, ko za ka hau?" Na ce Allah ya sawwaƙe, ba ni ba kujerar nan. Shi ma na ga kamar ya ji daɗin amsar. Muka kira Maharazu ta bidiyo daga cikin rumfa. Yana zaune a ƙofar maƙerar ƙaninsa, rigar ta yi masa yawa, wuyansa duk ya fito. Injiniya ya gaya masa an gama, ya ce in Allah ya yarda za a san yadda za a yi ya zo ko da ziyara ce. Maharazu ya ce, "Inshallah," irin wadda dukanmu mun san ma'anarta. Ya tambayi zafin silinda ta uku, aka gaya masa, ya gyaɗa kai.

Sai ya ce, "Bakano, buhuna na nan?"

Na juya wayar na nuna masa shi, ɗaure a kujerar dama, sunansa ya fara gogewa.

Ya ce, "To, ka farke bakinsa ka rage kilo goma sha huɗu. Na rame. Kada Injiniya ya riƙa ɗaukar nauyin da ba nawa ba."

Na nemo wuƙa na farke ɗinkin. Injiniya ya riƙe mini sikelin, na fara ɗibar yashin.