Akwatin Wutar da Baba Albert Ya Zaɓa

A Trikania, in ka ce kana neman Albert za a tambaye ka wanne, amma in ka ce Baba Waya, ko mai ƙosan bakin titi za ta nuna maka ƙofarsa. Mutumin Pankshin ne. Ya sauko Kaduna yana saurayi, ya shiga wata masaka a Kakuri, ya yi shekara ashirin da uku yana kula da wutar injinan saƙa. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, kuma duk wanda ya zauna da shi minti goma sai ya ji shi: bai taɓa ƙona inji ba. Matarsa Celina takan ce ko a addu'ar safe sai ya tuna wa Ubangiji wannan magana.

Da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, Albert na cikin waɗanda suka yi rawa a titi. Ba a cika shekara huɗu ba masakar ta rufe. Aka ba shi ɗan abin sallama, wanda in ka gani sai ka ji kunya a madadin wanda ya bayar. Ya koma gyaran fanka da dutsen guga a zauren gidansa, bai yi ƙorafi ba. Abin da ya hana shi sukuni ɗansa ne, Caleb.

Caleb shi kaɗai ne ya rage a gabansu. Ya gama Poli shekara biyu ke nan, takalminsa ya cinye wajen kai takardu ofis-ofis, babu ko amsa. Wani abokinsa da ke Legas ya ce ya taho, akwai tabarma a ɗakinsa. Albert ya san irin wannan tafiyar sarai. Haka shi ma ya bar Pankshin da niyyar shekara biyu, sai jana'izar ubansa ce ta mayar da shi.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, ya tambayi ɗan nasa kai tsaye me zai tsayar da shi a Kaduna. Caleb ya ce kwamfuta. Ba irin ta buga takardu ba, wadda ake wasan ƙwallo da tseren mota a kanta. A Sabon Tasha akwai mai irinta guda ɗaya tak, samari na bin layi suna biya. Sabuwa ta fi ƙarfinsu, amma in aka sayi kayan gwanjo ɗaya-ɗaya, shi zai iya haɗawa da hannunsa, ya ajiye ta a zaure. Albert bai ga dalilin da zai sa ƙato da gemu ya biya kuɗi don ya buga ƙwallon da babu gumi a cikinta ba. Duk da haka ya shiga ɗaki ya fito da abin sallamarsa gaba ɗaya.

"In ta tashi, ka zauna?"

"In ta tashi, Baba, ina zan je?"

Ranar Talata suka nufi kasuwar Kakuri, shagon Somadina, wani ɗan Onitsha mai sayar da kayan kwamfuta na gwanjo. Nan aka fara dambe. Caleb idonsa na kan katin hoto, wato ɗan allon da ke sa wasa ya gudu ba tare da ƙagewa ba, kuma wanda yake so shi kaɗai zai lashe rabin abin da suka zo da shi. Suka rage nan, suka matse can. Suka haƙura da sabon allon kallo, suka ɗauki wani mai tabo a kusurwa. Babban allo, wanda ake dasa komai a jikinsa, suka samu mai dama-dama. Saura akwatin wuta, mai raba wa sauran kayan lantarki.

"Wannan kuma aikina ne," in ji Albert. "Je ka duba katinka."

Caleb ya tafi shagon maƙwabci inda za a gwada masa katin. Somadina ya miƙo wa tsohon wani sabo fil a leda. Albert ya ɗaga shi, ya girgiza, ya taɓe baki. A masaka da hannu yake auna kayan wuta, domin tagulla nauyi gare ta, abin da ba shi da nauyi kuwa ƙarya ce aka rufe da gwangwani. Ya hangi wani kwali a ƙasa, ya tsuguna, ya yi ta ɗagawa ɗaya bayan ɗaya har ya sami wani tsoho mai nauyi kamar dutsen niƙa. Ya shinshina shi, bai ji ƙauri ba. Kuma ya fi sabon araha.

"Baba, abeg, wannan kwali jiya ya zo daga Amurka," in ji Somadina. "Ban duba ko ɗaya ba. Kawo in duba maka tukuna."

"Shekararka nawa?"

"Talatin da ɗaya."

"Kana wasan ƙasa na fara aikin wuta. Kai za ka duba mini?"

Somadina ya ɗaga hannuwa sama, ya sa masa a leda.

Kwana biyu Caleb ya yi yana haɗawa a zaure, yana riƙe kowane abu da gefen yatsu kamar ƙwai. Ranar Alhamis da hantsi aka kawo wuta. Albert ya auna ta da mitarsa, ya ce ta cika. Celina ta tsaya bakin ƙofa da ludayi a hannu. Caleb ya kalli ubansa, ya danna maɓallin kunnawa.

Ƙara ɗaya aka ji, tas! Wani farin hayaƙi ya fito ta baya, wari ya cika zauren. Caleb ya fizge wayar daga bango, amma aikin gama ya gama. Ya tsaya yana kallon akwatin.

"Ya cuce mu," in ji Caleb. "Mataccen kaya ya sayar mana."

Ya tattara komai ya nufi kasuwa, Albert na binsa a baya da ƙyar. Kafin tsohon ya iso, har mutane sun taru a ƙofar shagon. An gwada babban allon, ya mutu. An gwada katin, shi ma ya bi shi. Caleb ya riƙe wuyan rigar Somadina, Somadina na rantsuwa da duk abin da ya sani cewa ya yi gargaɗi, ya nemi ya duba aka hana shi. Babu wanda ya yarda. A lokacin garin bai gama warkewa daga rigingimu ba, kowa a tsorace yake da taro, 'yan shagunan kusa har sun fara jawo ƙofofinsu.

Aka kira Malam Tanko, shugaban 'yan layin. Al'adar wannan layi ita ce, in ciniki ya lalace kuma babu shaida, dattijon da ke cikin maganar shi ake tambaya, abin da ya faɗa shi ne hukunci. In kayan ne matattu, mai shago zai maye duk abin da ya ƙone, ko da zai sayar da shagonsa.

"Baba Waya," in ji Malam Tanko, "kowa ya san ka a garin nan. Aikinka ne, kuma kai ka girme mu. Ga kaya. Me ya faru?"

Aka miƙa masa akwatin. Albert ya juya shi a hannu, yana neman inda laifin yake. Sai a lokacin ya lura da wani ɗan jan maɓalli a baya, bai kai farcen ɗan yatsa ba, ƙura ta kusa rufe shi. Ya goge da babban yatsa. An tura shi gefen da aka rubuta ɗari da sha biyar, wutar Amurka ke nan. Tamu ninkinta ce. Injinan masaka ba su da irin wannan maɓalli, shi ya sa bai taɓa tunanin nemansa ba. Da tsinken ashana ma za a iya tura shi ɗaya gefen, kuma abin da Somadina ya so yi ke nan.

Yatsansa na kan maɓallin, ba wanda ya gani. Ya san in ya ce kayan matattu ne, magana ta ƙare: a maye musu kati da allo, kwamfuta ta tashi, Caleb ya zauna. Somadina saurayi ne, zai farfaɗo. Haka zuciyarsa ta yi ta gaya masa, kuma gaskiya ya so ya saurare ta. Ya ɗaga kai ya ga ɗansa na kallonsa da cikakkiyar yarda, ya ga Somadina da yagaggiyar riga, gumi na zuba masa.

"Sake shi, Caleb."

"Baba?"

"Na ce ka sake shi. Yaron nan ya ce zai duba, na hana shi." Ya ɗaga akwatin ya nuna wa Malam Tanko maɓallin. "Kayansa lafiya suke. Ni na ƙona."

Caleb ya saki rigar a hankali. Somadina ya shiga shago ya zauna ya dafe kai. Mutane suka watse, kowa na kauce wa idon tsohon, wannan kuwa ya fi masa zafi da a ce dariya suka yi masa.

Caleb bai yi faɗa ba, bai ma ɗaga maganar ba. Ya ci abinci, ya wanke kayansa, ya shanya. Somadina ya aiko cewa zai karɓi allon kallon ya mayar da kuɗinsa, kuma da su aka yi wa Caleb kuɗin motar Legas.

Ranar Asabar da safe Albert ya raka shi tasha. Celina ta ce ita ba za ta iya ba. Ya ɗauki jakar da kansa, ya tabbatar an ɗaure ta da kyau, ya yi wa kwandasta faɗa a kan igiya, duk don kada ya tsaya shiru. Caleb ya zauna jikin taga. Sai da direba ya tayar da mota sannan ya leƙo.

"Baba, da ka yi shiru, da ina nan."

Ba da fushi ya faɗa ba, kuma Albert ya so a ce da fushin ne.

"Na sani," in ji shi.

Ya tsaya har motar ta sha kwana, sannan ya juya ya kama hanyar Trikania a ƙafa.