Koren da ya kwana uku

Shekarun baya, wani abokina da muka yi karatu tare a Birnin Kebbi ya haɗa manhajar waya don manoman shinkafa na fadama. Aikinta ɗaya ne: in ruwan gulbin Rima ya taso allo ya yi ja, in yana kwance ya yi kore. Ni kuma da ake zuga ni wai na iya Hausa, aka ba ni rubuta takardar bayaninta.

Na rubuta: "Kore na nufin babu ambaliya." Abokina ya karanta ya ture takardar, wai ƙarya ce. Wai sai dai a ce kore na nufin ruwa bai kai alamar haɗari ba a ma'aunin da ke Argungu, a lokacin da aka duba shi na ƙarshe. Na tambaye shi wane manomi ne zai tsaya cikin taɓo yana karanta wannan huɗuba. Ya ce manhajar ba ta ganin gulbi, lamba kawai take gani. Ni dai na kasa gane bambancin. In daga gulbin lambar ta fito, ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Kwana biyu yana zana mini akwatuna da kibiyoyi, ina gyaɗa kai kamar ƙadangare, ban fahimci komai ba. A ƙarshe na ce na yarda, na je wurin buga takardu na sa tawa jimlar.

Kawuna na Zauro na cikin waɗanda na kai wa da hannuna. Shinkafarsa saura 'yan kwanaki ta gama nuna, ita ce kuma abincin gidansa na shekara. Wata Laraba da safe ya kira ni.

"Wanga abu naku shina kore, amma karan da nik kahwa bakin gulbi, ruwa ya ci gaɓa biyu. Wa za ni bi?"

Na ce ya bi waya, kimiyya ce. Amma raina bai kwanta ba, sai da azahar na daure na kira abokina. Nan ya faɗa mini a baki abin da ya yi ta zanawa: wani dattijo ne a Argungu ke zuwa kowace safiya ya duba ma'aunin ya turo lamba. An yi masa rasuwa, yana zaman makoki, kwana uku bai turo ba. Koren ranar Lahadi muke kallo.

Na kira kawu bai ɗaga ba, na hau acaɓa sai Zauro. Na tarar da shi da maƙwabtansa cikin ruwa iya ƙwauri suna yanka. Ya bi maganata har rana ta take, sannan ya koma ga karansa. Ɓangaren gonar na gangare kam ruwa ya riga ya tafi da shi. Kunya ta kama ni, na fara kame-kame, ya katse ni.

"Ɗana, ko karana in ban taho na duba ba, ba ya aiko min magana. Da kun hwaɗi mutum na ka dubawa, da na tambayi lahiyatai."

Mun sake buga takardar da doguwar jimlar abokina. Har yau ban ga manomin da ya karanta ta har ƙarshe ba, kuma har yau na rasa yadda zan gajarta ta ba tare da ta koma ƙarya ba. Kawu dai duk damina, kafin ya kalli allon, sai ya kira ni ya tambaya ko dattijon Argungu na nan lafiya.