Ruwan Zafin Bayan Katanga

A matatar mai ana kiransa Mai Tururi, don aikinsa ke nan tun yana saurayi har furfura ta fara fito masa. Bin bututun tururi yake yi yana toshe inda ke yoyo, yana sake naɗe waɗanda suka tsiraita don kada zafi ya tsere. Ko a gida in ya ga tukunya a wuta ba murfi sai ya yi magana, har matarsa ke tsokanarsa wai da murfin ya aura da ya huta.

Yayarsa ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Sana'arta wankin rigunan ma'aikata, masu maiƙon da ruwan sanyi ba ya fitarwa. A bayan katangar matatar akwai bututun da ke zubar da ruwan zafi, tururin da ya gama aiki ya koma ruwa. Nan take kafa bahonta ita da wasu mata. Da wannan wankin ta sa shi a makaranta.

Wata rana sabuwar injiniya ta tara su, ta ce matatar tana ƙona gas fiye da kima, kowa ya faɗi inda ya san zafi na salwanta. Shi ya fara ɗaga hannu. Ya ce ruwan bayan katanga, in aka mayar da shi tukunyar tururi, ba sai an yi ta dafa na sanyi ba. Sai da maganar ta bar bakinsa ya tuna da bahon.

Ya yi ta niyyar gaya wa yayarsa. Ya je gidanta ba sau ɗaya ba, ya sha ruwa, ya yi wasa da jikokinta, ya tashi. Da hannunsa ya ɗaura sabon bututun da zai mayar da ruwan ciki. Ranar da aka buɗe shi injiniya ta yaba masa a gaban kowa, shi kuwa ko abincin rana ya kasa ci.

Da ya koma gidan yayar, ya same ta tana hura itace a ƙarƙashin rabin ganga, idanu jajur, tana tari. Ta ce wasu cikin matan sun haƙura da sana'ar.

"Yaya, ni na ce a juya ruwan."

"Na sani, wani direban tanka ya gaya mini." Ta juya riga da sanda. "Ruwansu ne, ba nawa ba. Abin da ya ƙona mini rai, ka zauna a tabarmar nan ka yi shiru."

Ya sa mai walda ya haɗa mata murhu mai bututun hayaƙi, ya naɗe shi yadda ya iya. Itacen da take ƙonawa ya ragu, tarin bai tafi duka ba. Ran hutunsa yakan zo ya faskara mata itace, ba ta hana shi. Layin da sauran matan suke kuwa, har ya yi ritaya kewaye shi yake yi.