Igiyar Awo a Filin Zahir

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in yarda in rubuta ta. Sau uku ina farawa ina yaga takardar, don tsoron kada in ɗora wa wani abin da bai yi ba, ko in wanke kaina fiye da yadda ya kamata. Karatuna a firamare ya tsaya, lissafina na shago ne. Amma shekara ta zagayo ban daina tunanin abin ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

A Tandabawi, wata unguwa a Makka, aka haife ni, kuma ina da ɗan shago na dardumar salla da carbi. Ina da aboki, maƙwabcina, direba ne. Iyayenmu tare suka shigo ƙasar nan ta hanyar Sudan. Ya san halina sarai, ya san ina komawa gida sau biyu in duba ko na kashe gas, shi ya sa yake tsokanata da Ustazu.

Shi ya fara kai ni wani fili a unguwar Zahir, inda ake ajiye manyan motocin alhazai. Duk Juma'a bayan asuba, kafin rana ta yi zafi, ma'aikata 'yan Pakistan suna wasan kurket a can. Mutum ɗaya ya sheƙo da gudu ya jefa ƙwallo, wani ya tare da katako ya buga. Ƙwallon nasu ta tanis ce da aka naɗe da salatif. Ban gane dokokin ba har yau, sai dai na gane abu ɗaya: babu abin da suke musu a kai kamar wa ya fi saurin jifa.

Babbansu magini ne, shi ya kawo hanyar raba gardama. Ya auna igiyar shanya mita ashirin cif da tef ɗin aikinsa, ya ƙulla bakinta biyu. A kan kafa baki ɗaya a jikin katangar langalanga, a ja ɗayan har ya miƙe, a zana layi da alli. Mai jifa ya saki ƙwallo a kan layin. Akwai wani abu a waya da aka gaya wa tazarar mita ashirin ce; ka danna lokacin da ƙwallo ta bar hannu, ka sake dannawa da ka ji ƙarar langalanga, sai ya nuna maka gudun. Tsakanin dannawa biyun nan bai fi ƙiftawar ido ba.

Kowa ya riƙe wayar sai a ce ya yi son kai. Abokina ne ya nuna ni, ya ce musu da Larabci, "Ku ba wannan. Ko ƙwayar dabino ya tsinta a hanya sai ya nemi mai ita." Suka yi dariya suka miƙo mini. Na ɗauki abin da muhimmanci ƙwarai. Kowane mutum sai ya yi jifa shida, in zubar da mafi girma da mafi ƙanƙanta, in faɗi wanda ya fi maimaituwa. A shago in babu ciniki nakan gwada babban yatsana da ƙarar ƙofar maƙwabta. Gwaninsu ya kai gudun kilomita ɗari da talatin da biyu a awa, kuma ba wanda ya yi mini musu. Igiyar kuwa a motar abokina take kwana.

Ɗan yayata saurayi ne dogo, yana aikin wanki da guga a wani otal kusa da Harami. Ya koyi jifan nan wurin abokan aikinsa, kuma kowa ya ce yana da hannu. Matsalar ita ce ranar Juma'a yana aiki. 'Yan Pakistan ɗin kuma sun sa abokina a gaba, suna cewa mu ƙwallon ƙafa kawai muka iya, ɗan namu ma labarinsa ake ji. Abin yana cin abokina, ni kuwa ban lura da yadda yake cinsa ba.

Wata Asabar da safe muka je mu uku. Motoci sun tare katangar da aka saba, sai muka koma ta bayan filin. Na riƙe bakin igiya a jikin langalanga, abokina ya ja ɗayan. Babu alli, sai ya ɗauko fentin feshi a motarsa ya zana layi. Ɗan yayata ya yi jifa shida. Sau uku wayar tana nuna ɗari da arba'in da ɗaya.

"Kawu, da gaske?" in ji shi, yana haki.

Na ce, "Ga shi nan, duba da idonka."

Juma'ar da ta biyo na kai wa 'yan Pakistan labari. Maginin ya girgiza kai ya ce, "Haji, ba mu gani ba. Amma in ka rantse, halas, shi ke nan, mun yarda." Ni mutum ne mai gudun rantsuwa ko a kan ciniki. Ranar nan na ce wallahi, a gaban mutum fiye da ashirin, a cikin garin Makka.

Maginin ne da kansa ya ce akwai wani kamfani a Jidda mai ƙungiyar kurket, suna ba gwanaye aiki mai sauƙi don su riƙa buga musu, kuma za su gwada sababbin 'yan wasa na mako guda. Ɗan yayata ya nemi hutu, otal suka hana saboda Umara ta cika gari. Ya zo shagona ya ce, "Kawu, ka tabbata da lambar nan?" Na ce na tabbata. Ya ajiye aikin. Yayata ta kira ni tana faɗa, na ce mata ta kwantar da hankalinta, ni na auna da hannuna.

Kwana biyu ya yi ya dawo. Ya ce can wata na'ura suke da ita mai kama da bindiga, ana saita ta ga ƙwallo, kuma ƙwallon mai tauri ce. Mafi girman abin da ya samu ɗari da goma sha takwas. Mai horarwa ya tambaye shi wa ya ce masa ɗari da arba'in, ya ce kawunsa, aka yi dariya. Bai faɗa mini wannan da fushi ba, kansa a ƙasa ya faɗa. Da ya koma otal ya tarar sun ɗauki wani.

Na fara da zargin yatsana. Kwana da kwanaki ina cewa na danna da wuri ne don son da nake masa. Sai wata safiya na ari tef wurin mai shagon kusa da ni, na tafi filin ni kaɗai. Layin fentin yana nan baƙi ƙirin. Na auna daga langalanga zuwa layin sau huɗu. Mita goma sha bakwai.

Na sami abokina a ƙofar gida yana wanke mota. Na ce, "Igiyar nan mita nawa ce?"

Ya ce, "Ashirin mana, Ustazu."

"To layinka sha bakwai ne."

Ya ajiye tsumman, ya yi murmushi. "Ya shehi, ɗan naɗe ta na yi a hannu. Wasa ne fa. Mutanen nan sun ishe ni da baki."

"Yaron ya bar aikinsa."

"Ni na ce ya bari? Ina zan san zai ɗauki abin har Jidda?"

Na ce ai yana tsaye lokacin da na rantse, kuma yana nan lokacin da ake maganar Jidda, bai ce uffan ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Da ni na faɗi lambar wa zai yarda? Ai shi ya sa sai kai."

Wannan maganar ce ta fi yi mini zafi. Shekara da shekaru ina ɗauka tsokanar da yake yi mini ƙauna ce, ashe ya san inda halina zai yi masa amfani. Ban zage shi ba. Muna gaisawa a masallaci, iyakarta ke nan.

Juma'a na je na gaya wa 'yan Pakistan komai, na mayar musu da aikin wayar. Maginin ya dafa ni ya ce ba laifina ba ne, amma na ga bai nemi in ci gaba ba. Na yi azumi uku saboda rantsuwar, ko da yake wani malami ya ce mini ba dole ba ne tunda ban san ƙarya nake faɗa ba. Ɗan yayata yanzu dako yake a kasuwar Utaibiyya. Har yau yana ce mini Kawu, yana ɗaukar mini kaya, sai dai bai ƙara tambayata ra'ayi a kan komai ba.

Abin da nake roƙo ga masu karatu shi ne, wanda ya iya lissafi ya taimake ni. In an gaya wa waya mita ashirin alhali sha bakwai ce, ta nuna ɗari da arba'in da ɗaya, nawa ne gudun na gaskiya? Kuma na'urar Jidda, daga hannu take aunawa ko sai ƙwallo ta isa? Ƙwallo mai tauri tana rage gudu? Ina so in san nawa ne rabon igiya, nawa ne rabon yatsana, don in je wurin yayata da ɗanta in nemi gafara a kan daidai abin da na yi.