Fatsa da Gashin Zabo

Shekarar da ruwa ya yanke hanyar Ringim, har sai da kwalekwale ake tsallakar da 'yan kasuwa da baburansu, ita ce shekarar da na fara fatsa da gashin zabo. Ƙauyenmu a ƙasar Taura yake, bakin fadama. Ruwan ya ci mana dawa, gero dai Allah ya sa mun riga mun yanke. Da ya janye bayan kaka, sai ya bar tafkin bayan gari cike fal, da kifin da ya biyo shi daga kogi ya rasa hanyar komawa.

A lokacin ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba, da ka nake riƙe komai. Yanzu da hannuna ya saba da biro, na ga gara in ajiye labarin yadda ya faru, kafin taubashina ya gama ɓata shi a majalisa.

Ni ba ɗan masunta ba ne. Noma nake yi, da rani kuma ɗinkin hula. Fatsa tun ina saurayi nake yinta, don sha'awa da gyaran miya. Taubashin nawa, ɗan ƙanwar mahaifina, shi ne masunci na gado, yana da taru da homa da gora. Yana ce mini bawansa, ni ma ina ce masa bawana, har yau ba a raba gardamar ba.

Wata la'asar ina bakin kogi, tanar da na haƙo ta ƙare, ban kama komai ba. Na zauna ina kallon ruwa kawai. Iska tana kaɗo ƙananan fari daga ciyawa, duk wadda ta faɗa ruwa ba ta yin taku ɗaya sai kawara ta taso ta ɗauke ta. Ana haka gashin kurciya ya faɗo daga bishiya, ya sauka a kan ruwa a hankali. Kawara ta taso ta cafke shi, sannan ta tofar. Na ce ikon Allah. Ashe kifin nan ba ya tsayawa shinshina, ido yake bi. Ni kuwa shekara da shekaru ina ta nutsar masa da koto ƙasa, alhali shi sama yake kallo.

Da na koma gida na tsinci gashin zabo a tsakar gida, na ɗauko ragowar zaren hula, kore da ruwan ɗorawa. Na naɗe jikin ƙugiya da zaren ya zama kamar cikin fara, na kwantar da gashi biyu a kai a matsayin fiffike. Na farko da na ɗaura ya fi kama da tsintsiya. Na biyar ne mai ɗakina ta gani a kan tabarma ta kai masa duka da mafici. Nan na san aiki ya yi.

Wahalar ita ce jifa. Gashi ba shi da nauyi, in ka wurga sai ya dawo maka a fuska. Kwana uku ina fama kafin na gane ba a jifansa. Gwangwala na samu doguwa marar nauyi, na ɗaura mata siririn zare, na juya wa iska baya. Sai in ɗaga sandar kawai, iska ta ɗauki gashin ta kai shi, ni kuma in saukar da shi ya taɓa ruwa ya tashi, ya taɓa ya tashi, kamar farar da ke neman tsira. Ranar da na iya, kawara goma sha ɗaya na kawo gida.

Ga abin da na koya, kuma ina nan a kansa ko wa zai yi gardama. Farar riga tana korar kifi, sai mai duhu. Inuwarka in ta riga ka isa ruwa, koma gida. Mai tana zama yake yi yana jiran rabo, har barci yana ɗaukarsa, mai gashi kuwa tafiya yake yi yana karatun ruwa, ya san inda ya yi sanyi da inda ya juya da inda reshe ya sunkuyo. Kifin da ka ga tasowarsa da idonka ya fi goma da ka tarar a taru daɗi, ko da ƙanƙane ne. Masu jan gidan sauro a ruwa kuwa, suna kwashe har 'ya'yan da ba su kai farce ba, ba na kiransu masunta.

Tafkin bayan gari yana da doka tun kakanni. In ruwa ya janye, Sarkin ruwa yakan rufe shi, ba taru, ba homa, ba koto, sai ranar da ya sa a yi su, wato kamun kifi na gari gaba ɗaya. Ta gefensa nake bi in zan je gonar rani. Wata safiya na ga ƙananan kifi suna watsewa a gindin wata giyayya da ta karkata cikin ruwa. Sai ga wani babban kifi ya yi tsalle, tsage ne, tsawonsa ya kai daga yatsuna zuwa kafaɗa, jikinsa yana walƙiya kamar sabon kwano, wutsiyarsa ja. Ban taɓa ganin irinsa a ruwanmu ba. Washegari na sake ganinsa a wurin, jibi ma haka. A ranar aka yi shela cewa Asabar ta sama za a buɗe tafki. Saura kwana tara. Na san in aka shiga da homa, kifin nan a hannun taubashina zai ƙare, don shi ne ya fi kowa sanin gindin giyayyar. Ni kuwa so nake ya ƙare a gashina.

Na tafi wurin Sarkin ruwa. Tsoho ne, abokin mahaifina, na tarar da shi a zaure yana ɗinkin homa, taubashina yana riƙe masa bakinta. Na durƙusa na gaishe shi, na fito da ƙugiyata na ajiye a gabansa.

"Baba, izini nake nema. Ba tana, ba gari, ba komai. Wannan kaɗai zan saka."

Ya ɗauka ya juya ta, ya kai hanci ya shinshina.

"Wannan fa me ke nan? Laya ce?"

"Fara ce, Baba."

Taubashina ya saki homa ya riƙe ciki don dariya. "Ranka ya daɗe, a bar bawan nan nawa ya je. Hula zai ɗinka wa kifi. In ya auna kansa ya gama, mu sai mu zo Asabar mu ɗauko ango."

"Kai da ka gaji ruwa," na ce, "ka taɓa ganin kifi yana cin abinci? Gawarsa kawai ka sani."

Sarki ya yi dariya har da tari. Ya miƙo mini ƙugiyar ya ce, "Ɗana, na hana abin da zai cuci kifi ne. Wannan ba zai cuci kowa ba sai zabo. Je ka, har daren Juma'a tafkin naka ne."

Ranar farko na saukar masa da gashin sau ba adadi, ko kallo bai ishe shi ba. Kawara ce ta dame ni, in kama in mayar, don izinin da na roƙa na kifi ɗaya ne a raina. Rana ta uku na gane kuskurena. Tsage ba fara yake ci ba, mai cin farar yake ci. Na koma na ɗaura wani dogo da farin gashin ƙirjin zabo, da ɗan jan zare a wuya, ya yi kama da ƙaramin kifi. Wannan ba a kan ruwa ake rawa da shi ba, ja ake yi da sauri ta ƙarƙashi kaɗan.

Ja na biyu ya buge shi. Na ji kamar an fizge mini hannu daga kafaɗa, sai kuma sakayau. Na ɗago zare, an yanke shi tas kamar da reza. Haƙoran tsage ke nan. Washegari na ninka zaren biyu, ya sake yankewa. Na ninka uku, kifin ya ga kauri ya ƙi zuwa.

Gashin da ke faɗuwa a tsakar gida ya ƙare, farin ƙirji kuwa ba ya faɗuwa da kansa. Na fara bin zabin gidanmu akurki da magariba. Mai ɗakina ta tare ni a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Malam, zabina suna ganinka suke hawa katanga. Me ka yi musu?"

"Aro nake yi, zai fito."

"Uku sun zama kamar an fige su za a soya. In sanyi ya kama su fa? Kifin nan da ake ta magana, ni ko ƙayarsa ban gani ba."

Na ce ta yi haƙuri zuwa Juma'a. Ta ce haƙurin nata ne ko na zabi.

Laraba na tuna da tsohuwar wayar birkin kekena. Na warware ta na zare sili ɗaya, siriri kamar gashin doki, na sa shi tsakanin ƙugiya da zare, tsawon taƙi guda. Alhamis na gwada, bai fito ba sam. Taubashina ya biyo ta bakin tafki yana duba inda zai shiga, ya tsaya daga nesa yana ɗaga murya.

"Bawana, ya ce a gaya maka hular ta yi masa kaɗan!"

Na yi masa alama da hannu ya yi shiru, shi kuwa ya ƙara da waƙa.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tafi da gashina na ƙarshe. Iska ta juya, ta daina zuwa ta inda na saba tsayawa. Dole na zagaya ɗaya gefen, inda babu tudu sai laka. Na naɗe wando na shiga har gwiwa, na tsaya ban motsa ba har ruwan da na dama ya kwanta. Rana ta yi sanyi. Ƙananan kifi suka fara watsewa a gindin giyayya. Na yi bisimilla na ɗaga sanda, iska ta kai gashin bayan saiwar, na ja.

Ya ɗauka. Wannan karon zare bai yanke ba. Ya yi sama gaba ɗayansa yana girgiza kai, na ga jan zarena a gefen bakinsa. Ya faɗa, ya yi gabas, na bi shi da sanda, ya juyo ya sake tsalle. Gwangwala ta lanƙwashe har tana ƙara. Na san abin da ya kamata, in sassauta in bi shi a hankali har ya gaji, amma ƙafafuna sun kafe a laka. Na ciro ɗaya, takalmin ya zauna a ƙasa. A daidai nan ya nufi saiwar giyayya da ƙarfinsa duka, ni kuma na ƙi ba shi. Sanda ta karye gida biyu. Na kai hannu in cafko guntun da ke gudu a kan ruwa, na tafi da fuska. Da na ɗago ina tofar da laka, guntun ya shige ƙarƙashin saiwa, hulata tana can tana tafiya tsakiyar tafki. Na tsaya na yi ta dariya ni kaɗai, don ban ga abin da ya rage ba sai ita.

Asabar da hantsi gari ya fito, har mutanen ƙauyukan Miga sun zo da gorunansu. Sarki ya yi addu'a ya ba da izini, aka ruga cikin ruwa da ihu. Ni ina tudu. Ba a daɗe ba na ji sowa daga gindin giyayya. Taubashina ne ya fito da shi a homa, ya rungumo shi kamar jariri, ya kawo gaban Sarki ya shimfiɗe a ciyawa.

"Ina bawana? Zo ka ga angonka. Kai ka yi masa ado, ni na ɗauko shi."

Mutane suka matso. A gefen bakin kifin ga ƙugiyata da silin waya da farin gashi. A leɓen sama ga wata, wadda ya fara yanke mini, gashinta ya cinye saura jan zare. Sarki ya sunkuya ya daɗe yana dubawa, ya taɓa da yatsa.

"Ashe yana ci," ya ce.

"Yana ci, Baba."

Ya miƙe ya dubi jama'a ya ce daga bana, in an rufe tafki, ba taru, ba homa, ba koto, ba gashin tsuntsu kowane iri. Aka kwashe da dariya, taubashina ya fi kowa. Da yamma ya kawo wa mai ɗakina kan kifin da tsoka mai kyau daga tsakiya, ya ce a ba bawansa romo kawai, tsokar ta masu zabi ce. Hakan kuwa aka yi, sai da na roƙa aka ɗan gutsuro mini.

Har yanzu ina zuwa kogi da gashina in fara ta yi yawa, mutum huɗu a garinmu sun koya a wurina. Abin da na rasa a kwana taran nan kuwa shi ne: ƙugiya uku, gwangwala ɗaya, takalmin dama, hula ɗaya ɗinkin hannuna, gashin ƙirjin zabi uku, shiga tafki kafin ranar su, da tsage ɗaya.