Rariyar da Ba Ta Zubar da Ruwa

Inna ta yi shekaru tana jin haushin wani mutum da ba ta taɓa gani ba. Laifinsa dariya. Kullum bayan la'asar, idan maza suka taru a gindin darbejiyar da ke tsallaken lungunmu, sai wata dariya ta taso ta tsallako katanga ta faɗo tsakar gidanmu. Dariya ce mai shaƙewa a tsakiya, ta ƙare da tari. Inna takan tsaya da tuƙin tuwo ta ce, "Ga mara aikin yin nan ya iso. Allah ya ba matarsa haƙuri."

Mutumin kuwa Baba ne, mijinta.

Gidanmu yana cikin birnin Zariya, ta wajen Ƙofar Galadima, gidan ƙasa ne mai doguwar katanga. Inna tana cikin kulle kamar yawancin matan unguwarmu a lokacin. Ba ta fita sai bayan magariba, zuwa barka ko gaisuwa, ina gaba da tocila tana biye. Baba akawu ne a wani ofishin gwamnati. Da ya sako ƙafa cikin zaure yake ɗaure fuska, kuma ba ya kwance ta sai ya sake fita. Maganarsa a gida ba ta wuce "Sannu," da "To," da "Wa ya taɓa rediyon nan?" Ba mugu ba ne, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Haka dai ya ga ubansa yana yi, yana ganin maigida da haƙora a waje abin raini ne.

Wata rana ina zuba masa ruwan wanke hannu Inna ta ce, "Malam, wai wane ne mai dariyar nan kamar an shaƙe akuya?"

Baba ya kai loma, ya tauna, ya haɗiye. Ya ce, "Wani ne. Allah ya shirye shi."

Inna ta ce, "Amin."

Ni na sani, ƙannena ma sun sani, tunda ta gabansu muke wucewa in za mu makarantar allo. Ba ɓoyewa muke yi ba. A wurinmu akwai Baban waje, akwai Baban gida, ba mu taɓa tunanin haɗa su ba. Ga shi ni ce 'yar fari. Inna ko sunana ba ta kira, sai dai "ke yarinyar nan," balle mu zauna muna hirar mijinta.

Ina aji uku na sakandare aka yi guguwar. Ƙarshen bazara ne, an yi ruwan farko ya ɗauke, zafi ya dawo da ƙarfinsa. Mun san guguwa, amma 'yar ƙarama, wadda ke tashi a fili da rana tsaka ta kwashi leda da ganye ta yi ta juyi. Yara su bi ta da gudu, manya su yi a'uzu billahi su ce a kauce, akwai masu ita a ciki. Ta wannan ranar ba irinta ba ce.

Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas. Muka kwashe shanya, muka jera bokitai a ƙarƙashin indararo. Sai garin ya yi shiru, ko ganye ba ya motsi, sama ta koma wani launi kamar ruwan tsamiya. Kaji suka shige akurki da kansu. Na ɗaga kai na ga hadarin ya zuro ƙafa guda ƙasa, baƙa, tana murɗawa, ana ganin kwanukan rufi suna yawo a jikinta suna walƙiya. Ƙararta irin ta jirgin ƙasa ce, sai dai babu dogo a cikin birni.

Inna ta kwashe mu zuwa ɗakinta, ɗakin soro ne mai azara. Ta tura ƙannena ƙarƙashin gado, ta danne ƙofa da bayanta. A waje ladanin unguwa ya fara kiran salla, kamar yadda ake yi in iska ta yi ƙarfi. Bai kai ƙarshe ba. Kunnuwana suka toshe, ƙasa ta riƙa zubowa daga rufi, wani abu mai nauyi ya faɗi har gadon ya motsa. Na ji tsoro irin wanda ban sake ji ba. Inna kuwa, bakinta yana salati, ta tsaya ta tambaye ni ko na sauke miya.

Abin bai daɗe ba. Da muka fito, ruwa ake yi da ƙanƙara, kuma katangarmu ta gefen lungu tana kwance. Rufin madafi ya tafi. Tukunyar miya tana nan kan murhu da murfinta.

Guguwar ta ratsa unguwa ne a siririn layi. Gidan da ke kan hanyarta ya sha, na kusa da shi ko tsintsiya ba ta faɗi ba. Wannan ya ba mutane aikin yi na tsawon lokaci, kowa yana da bayanin abin da masu gidan da ya rushe suka yi wa Allah, sai dai ba a gabansu ba. Tsohon rimin bakin masallaci ya tumɓuke, ya danne wani dattijo mai sayar da goro da ya fake a gindinsa. Aka yi jana'izarsa washegari. Wata mata kwano ya yanke ta a cinya, aka kai ta asibiti Wusasa a bayan a-kori-kura, ta dawo tana ɗingishi har ƙarshen rayuwarta. Akwai gidajen da suka kwana a makarantar firamare, da tabarminsu da tukwanensu. Magidanta suka bazu cikin gari neman rufinsu. Kwanon madafinmu sai wajen Ƙofar Kuyambana aka tsince shi, a nannaɗe jikin bishiya, wani mutum yana tsaye a kai yana rantsuwa nasa ne.

Baba ya dawo daga ofis yana tura babur. Ya ƙirga mu da ido, ya dubi katangar, ya ce, "To."

Ba a ginin ƙasa da damina, tubali ba zai bushe ba. Magini ya zo ya duba, ya ce sai ruwa ya ɗauke. Aka sayo zana aka kewaye wurin. Zana kuwa, komai kyan saƙarta, tana da ido.

Da farko Inna ko kusa da ita ba ta zuwa. Daga baya, tunda madafi ba rufi, ta matsar da murhu gefen. Sannan kujerarta ta bi murhun. Ta fara ganin mutanen da ta sani da murya tun tana amarya, kuma yawancinsu ba su burge ta ba. Ladanin da muryarsa ke sa ta hawaye ashe gajere ne mai tumbi. Mai kananzir da take zaton tsoho ne, yaro ne ko gemu babu. Takan ba da rahoto ba tare da ta kalle ni ba, kamar da tukunya take magana.

Ran nan bayan la'asar ina tankaɗe, tana yanka kuɓewa a gindin zana, sai dariyar ta taso. Na ga ta ajiye wuƙa ta kara ido. Ta daɗe a haka. Na san abin da take gani: Baba a kan dakali, hula a keya, yana kwaikwayon yadda ladan ya yar da kiran salla a tsakiya ya ruga gida, ladanin kansa yana gefe yana riƙe da ciki.

Ba ta juyo ba ta ce, "Ke yarinyar nan. Wancan mai farar rigar."

Na ce, "Baba ne."

"Na ga Baba ne. Tun yaushe?"

"Tun da."

Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yanka. Ranar miyar ba ta ji gishiri ba, haka muka ci.

Daga nan la'asar ta zama tata. Takan gama aiki da wuri, ta yi salla, ta ɗaura ɗankwali mai kyau, ta zauna gindin zana da tiren shinkafa wai tana tsinta. Shinkafar gidanmu ba ta taɓa tsabta irin ta wannan daminar ba. Ina kallonta ta gefen ido tana danne baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Na ji tausayinta, na kuma ji haushin Baba. Shekara da shekaru yana raba wa 'yan unguwa abin da ko ɗanɗane bai kawo gida ba.

Sai rannan ta kasa dannewa. Baba yana ba da labarin mutumin da ya rantse a kan kwanonmu, ya kai daidai wurin rantsuwar, dariyar mace ta fita ta cikin zana. Majalisa ta yi tsit. Kowa ya san gidan wane ne, kowa ya shiga gyaran hula.

Baba ya shigo bayan magariba ya ci tuwo. Ita kuma ta kwashe kwanoni kamar kullum. Amma washegari babu dariya, jibi ma babu. Yana zuwa majalisar, ya zauna da fuskarsa ta gida yana jan carbi. Inna ta daina ɗaura ɗankwalin. Da abin ya ishe ta, ta ajiye masa kwanon abinci ta ce, "Malam, mara aikin yin nan kwana biyu ban ji shi ba. Ko ba shi da lafiya ne?"

Baba ya dubi tuwon. Ya ce, "Da sauƙi."

"A gaishe shi."

"Zai ji."

Washegari dariyar ta dawo, har da tarin. Na lura kuma ya sauya wurin zama, ya koma gefen dakalin da ke fuskantar gidanmu, ko da yake rana ta fi dukan wurin.

Damina dai ƙarewa take yi. Yayan Baba ya fara zarya, yana cewa gidan mutunci a cikin birni ba ya zama da zana kamar bukkar gona. Gaskiyarsa ce, kuma Baba bai musa ba. Da ruwa ya ɗauke aka kawo jar ƙasa a kan jakuna, aka kwaɓa, aka jera tubali a lungu yana shan rana. Inna ba ta da bakin cewa a bar mata zana. Mace ba ta ce wa mijinta tana son leƙen maza, ko da mazan shi ne.

Ginin ƙasa hawa-hawa ake yin sa, a ɗora a bari ya sha iska, a sake ɗorawa. Aka matsar da zanar ciki kaɗan, magini da yaransa suna aiki ta waje. Kullum da yamma in sun tashi Inna takan je ta duba inda katangar ta kai. Ta wuce gwiwa. Inna ta daina magana da tukunya. Ta mayar da murhu madafi tun ba a ce mata ba, kujerar kawai ta bari a wurin.

Ranar wata Asabar na kai wa magina kunu, na tarar da Baba tsaye a kansu. Ya leƙa ta saman ginin ya dubi kujerar Inna, ya juya ya dubi darbejiya. Sannan ya sa yatsa a jikin katangar, daidai ƙugunsa.

Ya ce, "A bar rariya a nan."

Magini ya ce, "Malam, ai mun bar rariya a ƙasa. Ruwa ba ya hawa nan."

"Ba ta ruwa ba ce, ta iska ce. Wancan karon hanya ta rasa, shi ya sa ta kayar da katangar."

Magini ya dubi katangar yana nazari. Ya ce lallai masu boko sun san abubuwa. Ya bar rami mai faɗin tafin hannu, ya shafe bakinsa sumul. Daga baya duk katangar da ya gina a unguwar sai ya bar mata irinsa, kuma har yau akwai masu gaya maka cewa shi ya sa guguwa ba ta sake dawowa ba.

Da aka cire zana Inna ta zo ta tsaya gaban ramin. Ta ce, "Wannan kuma na mene ne?"

Baba ya ce, "Na iska."

Ta ce, "To, Allah ya tsare."

Ta jawo kujerarta ta zauna. Ramin ya zo daidai idonta, ko gyara zama ba ta yi ba.

Baba bai taɓa yin dariya a cikin gida ba har ya bar duniya, Inna kuma ba ta taɓa cewa ta san mai dariyar ba. Na yi aure, na haihu, in na zo gida da la'asar nakan same ta a wurin da tirenta. Baba ya rasu a tsakiyar shekarun alif ɗari tara da casa'in, bayan gajeriyar jinya. Da ta fita takaba na je na kwana biyu. Bayan la'asar maza suka taru gindin darbejiya kamar kullum, ana ta hira ana dariya. Na duba katangar na ga an cusa tsumma a ramin, tsohon ɗankwalinta ne mai kyau. Kujerar tana madafi.

Na ce, "Inna, kin toshe hanyar iska."

Tana tsintar shinkafa a ƙofar ɗakinta, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Surutu ya yi yawa. Duk marasa aikin yi ne."